INA RUWANKA DA DABBATA?

Akwai wata magana da mu kan ji a ƙauye da birni, har mu ma mu kan faɗe ta in rai ya ɓaci. In aka ce wa mutum ya ɗaure karensa, ko ya kai shanunsa huji, ko kada ya yanka akuya mai ciwo ya sayar, sai ya ce, "Kare nawa ne, saniya tawa ce, ina ruwan wani?" Da ji, maganar tana da kamar gaskiya, gama shi ya saya da kuɗinsa, shi ke ciyarwa, in ta mutu kuwa shi ke da hasara.

A wannan wata muna so mu auna maganan nan, mu ga ko ta cika mudu. Abin da mutum ya ke yi da dabbarsa, da rijiyarsa, da jujin bayan gidansa, sha'aninsa ne shi kaɗai, ko kuwa maƙwabcinsa yana da haƙƙi a ciki? In yana da haƙƙi, to, wa zai ɗauki hasara sa'an da kiyaye lafiyar gari ya ci dukiyar mutum ɗaya?

Cuta ba ta san shinge ba

Bari mu fara da abin da masanan lafiya suka tabbatar. Cikin kowane iri goma na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan adam, wajen shida muna tarayya da dabbobi a cikinsu. Sababbin da ke ɓullowa a zamanin nan kuwa, wajen uku cikin huɗu daga dabbobi su ke fitowa. Waɗansunsu mun san su tun kaka da kakanni: haukan kare, da ciwon saifa da ke kama mai fiɗar mushe, da tarin da a ke sha cikin madarar da ba a tafasa ba. Waɗansu kuwa a idon iyayenmu aka fara jin sunansu, kamar zazzaɓin Lassa da murar tsuntsaye.

Mu ne muka raba aikin lafiya gida uku. Muka ce likita ya duba mutane, malamin dabbobi ya duba shanu, dubagari kuma ya duba rijiya da juji. Cuta ba ta yi wannan rabo ba. A wurinta jinin saniya da jinin mai saniya da ruwan kududdufin da su ke sha duk hanya ɗaya ce. Domin haka masana a yau su ke cewa lafiya ɗaya ce: ta mutum, da ta dabba, da ta ƙasar da su ke zaune a kai.

Abin da aka koya a Anchau

Ƙasarmu ta ga misalin wannan tun kafin a ba shi suna. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a Lardin Zazzau. Ƙudan tsando ne ke ɗaukarsa, ƙudan nan kuwa yana zaune cikin inuwar kurmi a bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, makiyaya ke shayar da dabbobi. Tsando ne kuma ke sa wa shanu sammore. Likitoci suka yi ta yi wa mutane allura, amma wanda ya warke yau, gobe ya koma rafi ƙuda ya sake cizonsa.

A 1937 aka soma wani babban aiki a ƙasar Anchau, wani masanin ƙwari mai suna Dokta Nash yana cikin shugabanninsa. Aka keɓe yanki mai tsawon wajen mil 70, faɗinsa wajen mil 10, aka sassabe sarƙaƙiyar bakin rafuka domin tsando ya rasa mafaka, aka gina rijiyoyi na siminti. Aka kuma tashi mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyukan da ke warwatse cikin daji, aka tara su a sababbin matsugunai cikin yankin. Sabon garin da aka gina kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya.

Don me aka tara mutane? Domin sassabe ba aikin shekara ɗaya ba ne. Daji ya kan sake tsiro kowace damina, gida biyar ko goma kuwa ba su iya kiyaye rafi mai tsawon mil da yawa. In mutum ɗaya ya sassabe gabansa, maƙwabcinsa ya bar nasa, ƙudan da ya kwana a gaban malalaci zai ciji ɗan mai himma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai darasi na biyu, wanda ya fi na fari ɗaci. Da umurnin Gwamnati da En'e aka yi aikin. Bayan shekaru wajen ashirin wani masani Ba'amurke, Horace Miner, ya zauna a yankin, ya tarar mutane da yawa suna fita sassabe kowace shekara don tsoron hukuma kaɗai, ba su yarda ƙuda ke kawo ciwon ba. Abin da aka yi don tsoro, ran da mai sanda ya juya baya, ran nan ya kan tsaya. A yau ma an sami dabarun da ba sai an sare kurmi ba, kamar ƙananan kyallaye masu launin shuɗi da baƙi da a ke shafa wa magani a kafa a bakin rafi, tsando ya zo ya sauka ya mutu. Wannan ya fi, gama itatuwan bakin rafi suna riƙe da ƙasa da ruwa. Amma kyallen ma sai gari ya yarda ya kiyaye shi.

Haƙƙin da ke kan mai dabba

Yanzu mu komo ga mai kare. Haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu cizon kare ne sanadi, wajen huɗu cikin goma kuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon suka riga suka bayyana a jikin mutum, da kyar ƙwarai a ke samun wanda ya tashi. Amma tun 1885, sa'an da Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya ceci wani yaro da allura, aka san ciwo ne da a ke iya tarewa. An kuma gane in aka yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma allura a gari, ciwon ya kan rasa hanyar wucewa daga kare zuwa kare, har ya mutu don kansa.

To, mai karatu, ka duba. Karen da bai sami allura ba, wa ya ke ciza? Sau da yawa ɗan maƙwabci ne da aka aika sayen kalwa, ko yarinyar da ta biyo ta ƙofar gidan za ta makaranta. Mai kare ya ce kare nasa ne, gaskiyarsa. Amma ƙafar da aka ciza ta ɗan wani ce.

Dokar da ke cikin Littafin Fitowa, sura 21, ta daɗe da rarrabe wannan al'amari. In sa ya soki mutum ba zato, ba a kama mai san da laifi. Amma in an san san yana suka, an kuma gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana kansa. Watau sani ne ke jawo alhaki. Kakanninmu ba su san abin da ke cikin yawun kare ba, ba mu ga laifinsu ba. Mu kam an faɗa mana.

Haka ya ke ga wanda saniyarsa ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci da baki, ya yi maza ya sa wuƙa don kada ta zama mushe, ya sayar wa mahauci da araha. In saifa ce, mai fiɗa da mai ɗaukar fata da mai cin naman duk suna cikin hatsari. Ƙwayar ciwon kuma ta kan kwanta cikin ƙasar da jinin ya zuba shekaru masu yawa, tana jiran dabbar da za ta yi kiwo a wurin. Mutumin nan ya ceci rabin kuɗin saniyarsa, ya raba hasarar ga mutanen da ba su san an yi ciniki da ransu ba. Da ya sa hannu cikin aljihunsu, da kowa ya kira shi ɓarawo. Da ya ke ta cikin tukunyarsu ya bi, sai mu ce wai ya yi dabara.

Dabbar da ba ta da mai ita

Wani zai ce, "To, na ji zancen kare da saniya. Ɓera fa, na wane ne?" A 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta rasu, ta ukun ta sha da kyar. Shekara ta zagayo, likitar da ke binciken ciwon a Jos ita ma ya ɗauke ta. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka gano cewa wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar, ba ta kuwa yi masa kome. Yana zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci da ƙwarya da tabarma. An fi ganin ciwon da rani.

Ɓera ba na kowa ba ne, amma jujin da ya ke haihuwa a ciki na wani ne. Rumbun da ba shi da murfi na wani ne, hatsin da aka shanya a ƙasa a bakin hanya aka bar shi ya kwana shi ma na wani ne. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓeran da ya ƙoshi a jujinmu kuwa ba ya neman izini kafin ya shiga ɗakin maƙwabci.

Ruwa ma haka. A 1988 aka ƙidaya masu kurkunu a Nijeriya, aka sami fiye da mutum 650,000. Babu allura, babu ƙwayar maganin da ke kashe kurkunu. Da me aka ci shi? Da tace ruwa da kyalle, da gina rijiyoyi, da wata ƙa'ida guda: mai kurkunu kada ya tsoma ƙafarsa cikin tafkin da gari ke sha, ko da ya ke sanyin ruwan ne kaɗai ke kwantar masa da zafin. Dubban mutane suka daure wa wannan zafi saboda waɗansu. A 2008 aka ga na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Amma a Cadi, tun daga 2012, aka riƙa samun tsutsar a jikin karnukan masunta na bakin kogin Shari. Sai ya zama dole a ɗaure kare, a binne hanjin kifi, in ana so ɗan adam ya huta.

Kukan matalauci

Har yanzu maganarmu duk a kan mai dabba ta faɗi. Amma ba mu yi adalci ba in ba mu saurare shi ba, gama yana da abin faɗi mai nauyi.

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna. Wannan ne karo na fari da aka tabbatar da wannan irin nata a Afirka. Cikin watan nan ta bayyana a Magariya ta ƙasar Nijar, a farkon 2007 kuma ta kashe wata mace a Ikko. Hanyar da aka sani ta tsayar da ita ita ce a karkashe dukan kajin wurin da ta ɓulla, masu ciwo da masu lafiya, a binne. Gwamnati ta yi alkawarin diyya, da fari Naira 250 a kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba. Daga baya aka ƙara.

Mu sa kanmu a matsayin gwauruwar da ke da kaji ashirin. Su ne kuɗin makarantar ɗanta, su ne kuɗin magani in ciwo ya zo da dare. Biyu sun mutu da safe. In ta kai labari, za a zo a kashe sauran, a rubuta sunanta a takarda, ta jira kuɗin da ba ta san ranar zuwansu ba. In ta yi shiru ta kai su kasuwa kafin azahar, ta tsira da wani abu. Muna gaya mata ta yi gaskiya domin lafiyar gari. Ita kuwa tana tambayarmu, "Lafiyar ta gari duka ce, don me kuɗinta zai fito daga akurkina ni kaɗai?"

Tambayan nan daidai ce. Ba ta wanke mai sayar da kaza mai ciwo ba, gama talaucinmu ba ya ba mu iko a kan ran ɗan wani. Amma ta nuna mana haƙƙin yana da fuska biyu. In gari yana da iko ya ce wa mutum ya hallaka dukiyarsa domin kowa ya tsira, to, gari ya ci bashinsa, wajibi ne kuwa ya biya, cikakke, da sauri. Diyya ba sadaka ba ce. Inda aka ƙi biya, ko aka biya rabi, ko aka bar mai gaskiya ya zama abin dariya a unguwa, an koya wa kowa ya ɓoye ke nan. Cutar da aka ɓoye kuwa ita ta fi tafiya nesa.

Inda aka ɗauki kayan tare

An gwada wannan, an ga amfaninsa. A birnin Njamaina, sa'an da aka ce mai kare ya biya kuɗin allura, wajen kare ɗaya cikin huɗu kaɗai aka kawo. A 2012 da 2013 aka yi allurar kyauta unguwa unguwa, aka sami fiye da bakwai cikin goma, haukan kare kuwa ya ɗauke daga birnin wata da watanni, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Mutanen ba su sake hali cikin dare ɗaya ba. An dai sauke musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne, sai suka yi abin da ya kamata.

A ƙasar Cadi ɗin kuma, wajen shekara ta 2000, masu bincike suka tarar da wani abin mamaki a rugagen makiyaya. Yawancin shanu sun sami huji, amma cikin yaran da aka duba ba a sami ko ɗaya da ya cika alluransa na rigakafi ba. Malamin dabbobi ya san hanyar ruga, ma'aikacin asibiti kuwa yana zaune a gari yana jira. Sai aka haɗa su cikin mota ɗaya, da akwatin ƙanƙara ɗaya. Ana yi wa shanu a wannan gefe, ana yi wa mata da yara a wancan. Makiyayin da ya riga ya amince da mai duba shanunsa, bai yi wuyar miƙa ɗansa ba.

Tsofaffinmu kuma sun san labarin bushiya. Wajen 1890 ta ratsa ƙasashen nan ta share yawancin shanu. Ba ta kama mutum, amma yunwa da tsiyar da ta bari sun kashe mutane. A 1924 aka kafa wurin binciken ciwon dabbobi a Vom. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka haɗa kai suka soma hujin shanu tare, gama sun gane garke ba ya tsayawa a kan iyaka. Da aka yi sakaci, ciwon ya komo a farkon shekarun 1980 ya yi ɓarna mai yawa. Aka sake tashi, ba a kuwa saki ba, har a 2011 aka yi shela bushiya ta ƙare a duniya duka. Kowane makiyayin da ya kawo garkensa huji yana da rabo cikin wannan nasara.

Me za mu ce ke nan?

Amsar tambayarmu ta fari ita ce, dabba tamu ce, amma abin da ke fita daga jikinta ya shiga jikin wani ba namu kaɗai ba ne. Mallaka tana tafe da amana. Amsar ta biyu kuwa, hasarar da aka yi domin kowa, kowa ya kamata ya sa hannu a ɗauke ta. Wanda ya riƙe amsa ta fari ya bar ta biyu zai zama mai tsanani ga matalauta. Wanda ya riƙe ta biyu ya bar ta fari zai zauna yana jiran Gwamnati, karensa kuwa yana yawo.

Ga abin da ke hannunmu tun yau. Mu kai karnukanmu allura kowace shekara. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a jira a ga abin da zai faru. Dabbar da ta faɗi ba dalili kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi. Mu tafasa madara, mu rufe hatsi da abinci, mu nisantar da juji daga ɗaki da rijiya.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan wuya. Muna da adashi, muna da gayya, mun saba tara gudummawa in gobara ta ci gidan wani. Ɗan'uwan da ya binne saniyarsa maimakon ya sayar mana da namanta, ko 'yar'uwar da ta kai labarin kajinta da bakinta, gobara ce ta same su, sun kuwa tare ta da jikinsu don kada ta kai gidajenmu. Ya kamata dattawan kowace unguwa da kowace ekklesiya su zauna tun ciwo bai zo ba, su shirya abin da za a yi wa irin waɗannan mutane, su kuma faɗa a fili domin kowa ya sani. Gama ran da saniyar wani ta faɗi da asuba, ba mai gani sai shi da wuƙarsa, abin da zai yi ya rataya ƙwarai a kan abin da ya tabbata mu za mu yi masa da hantsi.